Guntuwar Sandar Giyar Nababa

"Duk faɗin ƙasar Birnin Gwari, daga nan har Damari, ka zagayo ta Gwaska, babu mahaluƙin da ya san cikin mota kamar ni. Su kansu Turawan da suka ƙera wannan, da sun yi shawara da ni da ba su tafka kuskuren da suka tafka ba."

Nababa ke nan, zaune a kan bonet ɗin motarsa a bakin tasha, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa 'yan zaman inuwa lacca. Kai kuma mai karatu, kada ka ji wannan ka ɗauka wani gawurtaccen bakanike ne. Duk ilimin gogan naka na mota a wajen wanki ya samo shi. Shekarun da ya yi a gidan wani Baturen gandun daji, aikinsa bai wuce soso da bokiti ba. Da aka samu mulkin kai Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, ya dubi tsohuwar motarsa ta tsere, ya ga ba ta kai a wahalar da jirgin ruwa a kanta ba, sai ya miƙa wa Nababa makulli. Tun daga ranar kan Nababa ya kumbura, har sai da ya sake hula.

Motar ja ce, 'yar gajera, cikinta na shafar ƙasa. Kujera biyu kacal gare ta, rufinta kuwa wani tamfol ne da ɓeraye suka daɗe da gamawa da shi. In kun shiga ku biyu, kafaɗarka na gogar ta abokin tafiyarka, ko kuna shiri ko ba kwa yi.

Andrawus mai gyaran keke, wanda rumfarsa ke daura da wurin, ya ɗago kai daga tayar da yake faci. "Wane kuskure suka yi, Injiniya?"

"Sandar giya!" in ji Nababa. Giyar mota yake nufi, mai karatu, kada zuciyarka ta tafi wani wuri. "Dubi tsawonta don Allah. Wannan sandar giya ce ko muciya? Kafin ka ɗauko ta daga lamba ɗaya ka kai ta lamba biyu, hannunka ya yi tafiyar yini. Da idona na gani a mujallar Maigida, masu tsere a Turai sandarsu ba ta wuce ɗan yatsa. Ƙyas, ƙyas, an wuce wurin."

"Ka iya karanta mujallar ne?"

"Hoto ai ba ya neman tafinta."

Akwai dalilin da ya sa maganar ta taso a wannan makon. Matarsa Huseina ta haifi ɗan fari, ta tafi wankan gida wajen iyayenta, an yi arba'in, wata ya bi wata, shiru ba a maido ta ba. Mahaifinta Modibbo dattijo ne mai ilimi da ƙarancin magana, irin wanda in ya dube ka sau ɗaya sai ka tuna laifin da ka yi bara. Bai ce ba zai maido ta ba, bai kuma ce zai maido ta ba. Nababa kuwa, duk cika bakinsa, gida ya yi masa faɗi. Ya gaji da tuwon saye, ya gaji da ɗaki shiru, kuma tsakani da Allah yana kewar matarsa da ɗan jaririn da ko kamanninsa bai gama ganewa ba.

Da ya je gaisuwa, Huseina ta leƙo zaure ta rage murya.

"Ka ji, ranar Asabar Baba zai je Tsohon Birnin Gwari ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, shi ne waliyyi, kuma motar kasuwa ba ta zuwa ranar. Na sa Inna ta lallaɓa shi ya yarda kai ka kai shi. So yake ya ga hankalinka. In ya gamsu, na dawo ɗakina. Don Allah kada ka ba ni kunya."

"Kwantar da hankalinki. Kafin ya gama addu'ar shiga mota sai dai ya ji ana yi masa sannu da zuwa."

"Hankali fa na ce, ban ce gudu ba."

"Ai a wajen direba duk ɗaya ne."

Washegari ya ari zarton ƙarfe wajen Andrawus, ya naɗe hannun riga, 'yan kallo suka kewaye motar. Ya goga, ya goga, gumi na ɗiga, har kan sandar ya faɗi ƙasa. Ya ɗauko baƙin ƙwallon da ake riƙewa zai mayar, sai ya ga babu inda zai murɗa shi, don wurin murɗawar yana jikin guntun da ya yanke.

"Injiniya, ya ƙi zama ko?" in ji Andrawus.

"Ni na ƙi mayar da shi. Da ma nauyi yake ƙara wa mota."

Ya sa aka samo masa ƙwallon goriba, ya huda shi da ƙusa mai zafi, ya doka a kan sandar. Ya shiga ya taɓa, ya girgiza kai irin na masana, ya ce har yanzu da sauran tafiya.

"Gaskiya kam," in ji Andrawus, yana danne dariya. "Ni ma daga nan ina hango ta."

Nababa ya cire goriba ya sake yankewa. Yankan ya karkace, ya ƙara wani don ya daidaita. Shi ma ya karkace ta ɗaya ɓangaren, ya sake daidaitawa. Kafin a kira azahar, abin da ya rage na sandar bai fi babban yatsa ba, goriba na zaune a kai kamar kaza kan ƙwai.

Ya taka kuloci, ya tura da hannu ɗaya. Ko gezau. Ya sake turawa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai da ya saki sitiyari ya haɗa hannu biyu, ya cije leɓe, ya yi nishi, sannan ta shiga lamba ɗaya da wata ƙara da ta kori kajin tasha.

"Kun ji ko?" ya ce yana haki. "Ƙarfi ne ya ƙaru. Da can sakwaf take, yanzu ta zama namijin mota."

Ranar Asabar da hantsi ya tsaya a ƙofar gidan surukinsa. Da yake ba ya so dattijon ya ga kokawar da ake yi da sanda, sai ya yi dabara. Tun kafin a fito ya danna ta lamba ɗaya da hannu biyu, ya danne kuloci da ƙafa, ya zauna yana jira. Da Modibbo ya fito, Nababa ya so ya sauka ya durƙusa, ya tuna in ya ɗaga ƙafa mota za ta tafi ita kaɗai, sai ya sunkuyar da kai har goshinsa ya danna hon. Gaisuwar farko ke nan.

Modibbo ya yi shigar ɗaurin aure. Babbar riga ce fara mai yalwa, ta sha bugu ta sha sitati, ga rawani, ga carbi. Ya yi bismillah ya sauka cikin kujera, don wannan mota sauka ake yi cikinta. Ya tattaro rigarsa ya baza, ya gyara ta dama da hagu, ya ce, "Mu je, da yardar Allah."

Nababa ya saki kuloci, mota ta ɗaga. Injin ya fara neman lamba biyu. Gogan naka ya kai ido ƙasa. Babu sanda, babu goriba. Rigar Modibbo ta lulluɓe wurin kaf. Da doguwar sandar Bature ce, da ta leƙo ta saman rigar. Wannan kuwa ta nutse can ƙarƙashi, kusa da ƙafar dattijon.

To, mai karatu, ka tuna zamanin. Lokacin sitiyari a dama yake, direba da hannun hagu yake sa giya. Ka kuma tuna wane ne ke zaune a gefe. Mutumin da Nababa ba ya iya faɗin sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya ratsewa yake yi ya cire takalmi. Yau shi ne zai cusa wa hannu ƙarƙashin riga, kuma hannun hagu, wanda ko goro ba a miƙa wa babba da shi? Nababa ya ji gara ƙasa ta tsage ya shige.

Haka suka fita gari a lamba ɗaya, injin na kururuwa kamar ana yanka shi, mota na tafiyar hawainiya. 'Yan tasha da suka fito ganin walƙiya suka tsaya suna kallo, suka gaji, suka koma inuwa, har lokacin motar ba ta ɓace musu ba.

Da suka shiga daji Nababa ya gwada siyasa. Ya kafa ido a kan hanya ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta Malam, yau kam ana zafi. Ko za a ɗan naɗe riga a sha iska?"

"Alhamdulillahi, iska na shiga," in ji Modibbo. Ya ɗaga rigar ya kaɗa ta, ya sake baza ta fiye da da.

Sai ga ƙararrawar keke a bayansu. Andrawus ne, shi ma an gayyace shi, don shi ke gyara keken ango. Ya ɗaure 'yar akuya a bayan keke, yana tuƙi a natse. Ya zo daidai da su, ya cire hula ya gaida Modibbo da ladabi, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, duk yana tafe kafaɗa da kafaɗa da motar tsere, har yana ɗan taɓa birki don kada ya wuce su.

"Injiniya, in faɗa musu kuna tafe?"

"Injin nake gasawa," in ji Nababa ta tsakanin haƙora. "Yanzu za ka ga ƙeyarmu."

"To, sai kun wuce ni." Ya taka feda ya tafi. Akuyar ta waiwayo ta dube su har suka sha kwana.

Ƙudan tsando ma da mota ke tsere wa a dajin nan, yau sun samu yadda suke so. Suka bi su a hankali, suna zaɓen wurin cizo. Modibbo na da rawani da riga, Nababa kuwa wuyansa a fili yake. Ya sha cizo, ba damar ihu a gaban suruki.

Can gaba lagireto ya fara tafasa, tururi na fita ta gefen bonet. Allah ya taimaka akwai rafi kusa. Nababa ya tsaya ya ce zai ba mota ruwa, Modibbo kuma ya ce bari ya sauka ya sabunta alwala. Yana ba da baya, Nababa ya yi tsalle ya faɗa kan sandar. Yana damƙa goriba ta tsage biyu, tafinsa ya sauka kan ƙarfen da ya yi zafi kamar an ciro shi daga maƙera. Ya buɗe baki zai kurma ihu, ya tuna wanda ke bakin rafi, ya haɗiye abinsa. Ya naɗe hannu da hula ya sake kamawa.

Mai hankali da ya sa lamba biyu ya lallaɓa. Amma Nababa ya ce a ransa, me zai tsaya wasa da biyu da uku, bayan an riga an makara? Ya tattara ƙarfinsa ya jefa ta lamba huɗu.

Modibbo ya dawo ya zauna, riga ta koma inda take. Nababa ya tayar da injin, ya yi murmushin nasara, ya saki kuloci. Mota ta yi wani tsalle kamar akuya ta ga kura, ta yi tari, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake tsalle. A na gaba rawanin Modibbo ya tashi sama ya dira a kan ciyawa.

"Subhanallahi," in ji Modibbo. Abin da ya ce ke nan.

Ya sauka ɗauko rawaninsa da kansa, don Nababa ya sandare a wurin. Kafin dattijon ya gama naɗi, gogan naka ya kokkoɓa sandar ya mayar da ita lamba ɗaya, yana gode wa Allah da ta yarda ta koma. Suka ci gaba da rarrafe.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Nababa ya san can ana zaune ana jiran waliyyi, ya san kuma kowane taku na wannan tafiya nesanta shi yake da Huseina. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya saci kallon gefe, sai ya ga carbi ya tsaya a hannun Modibbo, idanu a rufe, kai na ɗan lilo. Gyangyaɗi!

Zuciya ta ce masa, in ba yanzu ba, sai yaushe? Ya taka kuloci a hankali. Ya karanto duk addu'ar da ya sani. Ya kau da kai gefe don kada idonsa ya ga abin da hannunsa ke yi, ya zura hagunsa ƙarƙashin riga yana lalube. Ya ji wani abu mai tauri, zagayayye. Bai tsaya tunanin cewa goriba ta daɗe da fashewa ba. Ya damƙe, ya tattara ƙarfin da ya saba, ya fizgo baya.

"Nababa."

Muryar a kwance take, ba faɗa a ciki.

"Na'am, Allah ya gafarta Malam."

"Wannan gwiwata ce. Lamba nawa kake son sa ta?"

Mai karatu, ni ban san yadda aka yi ba, shi ma Nababa bai sani ba. Ganinsa kawai aka yi a waje, ya tsallake ƙofa ba tare da ya buɗe ta ba, ya durƙusa a gefen hanya yana, "A gafarce ni, a gafarce ni." Ya ɗago kai, sai ya ga babu wanda yake ba haƙurin. Da ya ɗauke ƙafa daga kuloci, mota ta ci gaba da tafiyarta a lamba ɗaya, ga Modibbo zaune shi kaɗai a ciki, ya ci gaba da jan carbi, ta nufi wata kaɗanya.

Nababa ya sheƙa a guje ya cim mata, abin da bai yi wuya ba, ya kama sitiyari daga waje ya karkatar da ita. Amma ya koma ya zauna kusa da gwiwar da ya fizga? Ina! Kunya ba ta bar shi ba. Haka ya ci gaba da tafiya a ƙasa, hannu ɗaya a kan sitiyari, kai a sunkuye, yana jan motarsa kamar mai kai saniya kasuwa.

Wasu matan Gbagyi da suka fito daga gona da itace a kafaɗa suka jera da su. Suka gaida Modibbo, suka dubi Nababa da tausayi. Babbar cikinsu ta ce, "Sannu, ɗana. Babu wurin zama ne a ciki?" Nababa ya ƙara sunkuyar da kai. Suka ɗan jira shi, suka ga zai ɓata musu lokaci, suka yi gaba.

A bakin Tsohon Birnin Gwari injin ya yi atishawa ya mutu gaba ɗaya. Sauran tafiyar da turi aka ƙarasa ta. Da suka ɓullo ƙofar gidan ɗaurin aure an riga an yi la'asar, goron da aka tanada an cinye rabi, liman ya yi barci ya farka, ango ya fita leƙen hanya har ya gaji. Andrawus na zaune a kan tabarma, ya ci ya sha, ya kuma ba jama'a labari tun daga zarto. Saboda haka da jar motar ta shigo, Modibbo a ciki da rawaninsa, Injiniya a baya yana turi, jiƙe sharkaf, wuya duk kumburin cizo, hannu naɗe da hula, babu wanda ya yi tambaya. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Nababa ya raɓe can nesa wajen takalma, ya tabbata tasa ta ƙare. Yana ta tunanin yadda zai koma ɗakin nan shiru, da abin da zai ce wa Huseina, sai ya ji Usman, ƙanin Modibbo kuma uban amarya, yana tambaya, "Yaya, ya hanya?"

"Hanya lafiya," in ji Modibbo. "Na ga itatuwan da ban taɓa lura da su ba." Ya shafa gwiwarsa. Bai dubi inda Nababa yake ba, amma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Usman, a gaya wa yaron nan Huseina za ta koma ɗakinta. Mutumin da ya gwammace ya ƙona injin motarsa da ya ce wa surukinsa ya janye rigarsa daga kan sanda, yana da kunya, ko da hankalin bai gama isowa ba. Gwiwata kuma na yafe."

Ashe duk tsawon hanyar nan tsohon ya san abin da rigarsa ta rufe.

Daɗi ya kwashe Nababa, ya manta da komai. Ya matso da gwiwoyi, bakin nan ya dawo masa nan take. "Allah ya ƙara girma! Allah ya saka da alheri! Gobe da sassafe zan zo da mota in ɗauke su ita da yaron. Ɗan gyara kaɗan ya rage, ina taɓa ta za ku ga..."

Modibbo ya ɗaga hannu.

"A'a, Usman, a ce masa a ƙasa za su tafi. So nake ta isa gidan kafin lokacin yaye yaron ya yi."